Alƙahira: tattalin arziki da masana'antun babban birnin Masar

Birnin Alƙahira, fadar gwamnatin Masar, shi ne mafi yawan jama'a a ƙasashen Larabawa, kuma yana cikin manyan biranen Afirka. Idan aka haɗa shi da Giza da ke ƙetaren Kogin Nilu da Shubra al-Khaima da ke arewa, ana kiran yankin Babbar Alƙahira. Mazauna wannan yanki sun haura miliyan 20, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 'yan Masar biyar. A nan ne manyan bankunan ƙasar da kasuwar hannayen jari da gidajen jaridu da kamfanonin gine-gine suke da hedikwata, kuma kaso mai yawa na masana'antun Masar yana cikin birnin ko kewayensa.

Abin da ya fi tsara tattalin arzikin Alƙahira shi ne ƙarancin fili. Masar hamada ce, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na jama'arta suna zaune ne a gaɓar Nilu da dausayin da kogin ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Duk masana'antar da aka gina kusa da kogi, gona ta cinye. Saboda haka tun shekarun 1970 gwamnati take tura masana'antu da kasuwannin sari cikin hamada, daga baya ma har da ma'aikatunta. Sai dai yawancin talakawa sun ci gaba da zama da neman abinci a cikin tsofaffin unguwanni masu cunkoso.

Asalin kasuwancin birnin

Amru ɗan As ne ya kafa garin Fusɗaɗ a shekarar 641, bayan Musulmi sun ci Masar. A 969 Faɗimiyyawa suka gina Alƙahira a arewacinsa, suka kuma fara ginin masallacin Azhar a shekarar da ta biyo. Arzikin birnin ya samo asali ne daga matsayinsa a kan hanya: kayan yaji daga Indiya suna bi ta Bahar Maliya su iso nan kafin a kai su Iskandariyya a sayar wa Turawa, ayarin alhazai daga yamma kuma nan yake yada zango. An gina kasuwar Khan al-Khalili a ƙarshen ƙarni na 14, kuma har yau tana ci.

Afirka ta Yamma tana cikin wannan tarihi. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ domin ɗalibansu da alhazansu. A 1324 Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a hanyarsa ta zuwa Makka, ya kashe zinariya mai yawan da ta karya farashinta a kasuwar birnin na tsawon shekaru. Cinikin kayan yaji ya ragu bayan Turawan Fotugal sun gano hanyar teku zuwa Indiya a 1498, kuma daga 1517 birnin ya koma ƙarƙashin Daular Usmaniyya.

Zamanin masana'antun gwamnati

Muhammad Ali Pasha, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848, shi ya fara kafa masana'antun zamani: masaƙu, da maƙerar makamai, da maɗaba'ar Bulaƙ. An kammala layin dogo tsakanin Iskandariyya da Alƙahira a 1856, wanda shi ne na farko a Afirka. Bayan haka auduga ta zama ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasar, amma bankuna da manyan kamfanoni suna hannun baƙi. Don sauya wannan ne Tala'at Harb ya kafa Banque Misr a 1920 da jarin 'yan ƙasa. Daga wannan banki aka samu kamfanin jiragen sama na Misr a 1932, wanda ya zama EgyptAir, da kuma Studio Misr na shirya fina-finai a 1935.

Bayan juyin mulkin 1952, gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta ɗauki masana'antu a matsayin aikin hukuma. Ta mayar da Helwan, a kudancin birnin, cibiyar manyan masana'antu. An kafa kamfanin narka ƙarfe na Helwan a 1954, ya fara aiki a 1958. Kusa da shi aka gina kamfanin El Nasr mai haɗa motocin Fiat, ga kuma masana'antun siminti na Tura da Helwan da na makamai. A arewa, Shubra al-Khaima ta cika da masaƙu da masana'antun gilashi. A 1961 gwamnati ta ƙwace yawancin bankuna da manyan kamfanoni masu zaman kansu.

Wannan tsari ya ba dubban ɗaruruwan mutane aiki mai albashi da fansho, amma kamfanonin sun tara ma'aikata fiye da buƙata, injinansu kuma suka tsufa ba a sabunta ba. Anwar Sadat ya buɗe ƙofa ga jarin waje a 1974, a shirin da ake kira infitah, sannan gwamnatin Hosni Mubarak ta fara sayar da kamfanonin hukuma daga 1991. El Nasr ya daina haɗa motoci a 2009, sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe shi da haɗa motocin bas. A watan Janairun 2021 aka yanke shawarar rufe kamfanin ƙarfe na Helwan saboda asara, yana da ma'aikata kimanin 7,000 a lokacin.

Biranen masana'antu a cikin hamada

Sababbin masana'antu ba su zauna a Helwan ko Shubra ba. A 1977 aka kafa birnin 10 ga Ramadan, fiye da kilomita 50 a arewa maso gabas, kan hanyar Isma'iliyya. A 1979 aka kafa birnin 6 ga Oktoba, kimanin kilomita 30 a yamma, bayan dalar Giza. Sunayen biyu na rana ɗaya ne, ranar da sojojin Masar suka ƙetare mashigin Suez a yaƙin 1973. Daga baya aka ƙara Obour da Badr. Gwamnati ta jawo masu jari da fili mai araha da yafe haraji na wasu shekaru.

A birnin 10 ga Ramadan ne kamfanin Oriental Weavers, ɗaya daga cikin manyan masu saƙa darduma da inji a duniya, yake da masaƙunsa. Can ne kuma Elsewedy Electric ke yin wayoyin lantarki da taransifoma, EIPICO ke haɗa magunguna. Birnin 6 ga Oktoba ya shahara da haɗa motocin General Motors da Nissan, da sarrafa madara da lemun kwali na Juhayna, da masana'antar taba sigari ta Eastern Company. Sauran kayan da ake yi a waɗannan birane sun haɗa da firji da injin wanki da talabijin, tayil, robobi, fenti, biskit da tufafin kanti. A Mostorod, arewa da Alƙahira, an ƙaddamar da sabon sashe na matatar mai a 2020 wanda ya ci dala biliyan 4.3, domin rage shigo da man gas.

Yarjejeniyoyin ciniki sun taimaka wa waɗannan masana'antu. Wadda aka ƙulla da Tarayyar Turai ta fara aiki a 2004. A ƙarshen wannan shekara aka sa hannu kan wata da Amurka da Isra'ila, wadda ta ba masana'antun wasu yankuna, ciki har da Babbar Alƙahira, damar kai kaya Amurka ba haraji, muddin akwai wani kaso na kayan Isra'ila a cikin abin da aka haɗa. Masu ɗinka tufafi ne suka fi cin gajiyarta.

Masana'antun sun koma hamada, amma ma'aikata da yawa ba su bi su ba, don kuɗin haya a sababbin biranen ya fi ƙarfin albashinsu, kuma sufuri a cikinsu ya yi ƙaranci. Kowace safiya motocin kamfanoni suna kwaso su daga unguwannin Alƙahira da ƙauyukan dausayin Nilu, su mayar da su da yamma.

Rundunar soja ma tana da hannu dumu-dumu a harkar masana'antu. Hukumomin da ke ƙarƙashinta suna yin siminti da taki da taliya da ruwan kwalba, suna da gidajen mai, suna kuma kula da manyan kwangilolin hanyoyi da gadoji. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF ko FMI, ya sha neman gwamnati ta rage wannan hannu domin 'yan kasuwa su samu fili.

Bankuna, sadarwa da yawon buɗe ido

Mafi yawan mazauna birnin ba a masana'anta suke aiki ba, a ofisoshi da shaguna da makarantu da asibitoci da sufuri suke. Manyan bankuna biyu, National Bank of Egypt da aka kafa a 1898 da Banque Misr, na gwamnati ne. Babba a cikin masu zaman kansu shi ne CIB. An buɗe kasuwar hannayen jari ta Alƙahira a 1903, kuma tana ci daga Lahadi zuwa Alhamis, don Juma'a da Asabar ne ranakun hutu.

A 2003 aka buɗe Smart Village kan hanyar Iskandariyya domin kamfanonin sadarwa da na kwamfuta. Kamfanonin Turai da Amurka da dama suna da ofisoshin amsa kiran abokan ciniki a Alƙahira, saboda akwai matasa masu digiri da ke jin Turanci da Faransanci da Jamusanci, ga albashi ƙasa da na Turai. Kamfanin Fawry, da aka kafa a 2008, ya sa ana biyan kuɗin wuta da na waya a kantunan unguwa.

Fina-finai da waƙoƙi da wasannin talabijin na Alƙahira su suka yaɗa Larabcin Masar a duk ƙasashen Larabawa. Ana gudanar da baje kolin littattafai na birnin tun 1969. Yawon buɗe ido kuma yana ciyar da otal-otal da direbobi da tafintoci da masu sayar da kayan tsaraba: baƙi miliyan 15.7 ne suka shiga Masar a 2024. A ranar 1 ga Nuwamba 2025 aka yi bikin buɗe babban gidan tarihi na Masar kusa da dalar Giza.

Kasuwanni da ƙananan sana'o'i

Fiye da rabin mutanen Babbar Alƙahira suna zaune ne a unguwannin da aka gina ba da tsarin hukuma ba, yawanci a kan tsofaffin gonaki. Misirawa suna kiran su ashwa'iyyat. Benaye ne na jan bulo, da lunguna ƙanana, kuma kusan kowane bene akwai sana'a a ƙasansa: kafinta, tela, mai walda, mai gyaran waya. Yawancin waɗannan ba su da rajista, ma'aikatansu ba su da inshora ko fansho. Ƙananan bas-bas da adaidaita sahu, da suke kira tuk-tuk, su ke kai mutane bakin titi ko tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. An buɗe layin farko na wannan jirgi a 1987 da taimakon Faransa, shi ne na farko a Afirka, kuma yana ɗaukar miliyoyin fasinjoji kowace rana.

Kowace kasuwa da abin da aka san ta da shi. Ataba da Muski na kayan sari ne na yau da kullum, titin Azhar da Guriyya na yadi, Wikalat al-Balah ta gwanjo, titin Abdul Aziz na wayoyi da kayan lantarki, Taufiƙiyya ta kayan gyaran mota, Faggala ta littattafan makaranta da kayan rubutu. A Shaƙ al-Su'uban, kudu da birnin, ake yanka marmara. A Manshiyat Nasir kuma, gindin dutsen Muƙaɗɗam, akwai zabbalin, 'yan bola jari waɗanda yawancinsu Kiristoci Ƙibɗawa ne da iyayensu suka zo daga kudancin Masar. Gida-gida suke bi suna kwashe shara, iyalai su tsince ta, su sayar da roba da takarda da ƙarfe ga masu sarrafawa. Ana ƙiyasin suna sake amfani da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso.

Waɗannan sana'o'i ma ana tura su waje. A 1994 aka ɗauke kasuwar sarin kayan lambu daga Rod al-Farag zuwa Obour. Kasuwar raƙuma, wadda yawancin raƙumanta daga Sudan suke zuwa, ta tashi daga Imbaba ta koma Birƙash. A ƙarshen shekarun 2010 aka rushe tsofaffin majemu na Magra al-Uyun, aka mayar da jima zuwa Robbiki kusa da birnin Badr. Manyan majema sun samu wuri mai injin tace ruwa, ƙananan kuwa da yawa diyya suka karɓa suka bar sana'ar.

Gine-gine da sabon babban birni

Gini na cikin sana'o'in da suka fi ɗaukar ma'aikata a Masar, kuma gida shi ne ajiyar da masu hali suka fi amincewa da ita, tunda kuɗi na faɗuwa. Kamfanoni irin su Talaat Moustafa sun gina unguwanni masu katanga kamar Rehab da Madinaty a gabashin birnin. A watan Maris 2015 gwamnatin Abdul Fattah al-Sisi ta sanar da gina sabon babban birnin mulki, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira. Kamfanin da ke kula da aikin na soja ne da hukumar sababbin birane. Wani kamfanin ƙasar Sin ya gina dogon benen da ya haura mita 380, wanda ya fi kowane tsawo a Afirka a lokacin da aka gina shi. Ma'aikatun gwamnati sun fara komawa can a 2023.

Masu goyon bayan aikin suna cewa zai rage cunkoso ya kuma samar da aiki. Masu suka suna cewa gidajen sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma an yi manyan ayyuka a lokacin da bashi ke ƙaruwa. Bashin da ƙasashen waje ke bin Masar bai kai dala biliyan 50 ba a 2015, amma ya kai kimanin biliyan 168 a ƙarshen 2023.

Dala, fam da burodi

Masana'antun Alƙahira da yawa haɗa kaya suke yi da sassan da ake shigo da su, kuma Masar na cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama a duniya, yawanci daga Rasha da Yukren. Don haka komai yana rataye ne a kan dala. Manyan hanyoyin samun ta su ne kuɗin da Misirawa mazauna waje ke aikowa, yawon buɗe ido, kuɗin wucewa ta mashigin Suez, da kayan da ake fitarwa. Mazauna waje sun aiko da dala biliyan 29.6 a 2024. Kuɗin mashigin Suez kuwa ya faɗo daga sama da biliyan 10 a 2023 zuwa kimanin biliyan 4 a 2024, saboda hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya.

A watan Nuwamban 2016 babban banki ya saki fam ɗin Masar domin samun rancen dala biliyan 12 daga IMF, sai dala ta tashi daga fam 8.8 zuwa kusan 18. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, masu jarin waje suka janye kimanin dala biliyan 20, kaya suka taru a tashoshin jiragen ruwa ba dalar fito da su, wasu masana'antu suka rage aiki. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100 a watan Satumban 2023, a farkon 2024 kuma dala ta haura fam 60 a kasuwar bayan fage. A watan Fabrairun 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta amince da zuba dala biliyan 35, yawanci domin filin Ras al-Hikma a gaɓar Bahar Rum. A ranar 6 ga Maris aka sake sakin fam, ya faɗo daga kusan 31 zuwa kusan 50 kan dala ɗaya, IMF kuma ya ƙara rancensa zuwa dala biliyan 8.

Abin da ke riƙe da talaka a irin wannan hali shi ne burodin tallafi, aish baladi. Kalmar aish tana nufin rayuwa. Kimanin mutum miliyan 70 ne ke da katin sayensa, kowane mutum guda biyar a rana. Gwamnatoci suna tsoron taɓa shi tun tarzomar watan Janairun 1977, lokacin da Sadat ya rage tallafi jama'a suka fito, ya janye cikin kwana biyu. Farashinsa ya zauna ƙirshi 5 sama da shekara 30, sai a watan Yunin 2024 aka mayar da shi ƙirshi 20. Ƙirshi 100 ne fam ɗaya.

Alaƙa da ƙasashen kudu da Sahara

A Alƙahira ne hedikwatar Afreximbank take, bankin da aka kafa a 1993 domin tallafa wa cinikin Afirka. Birnin ya karɓi baje kolin ciniki tsakanin ƙasashen Afirka na farko a 2018, ya sake karɓa a 2023. Kamfanin Arab Contractors yana ayyukan hanyoyi da gine-gine a Najeriya da Cadi da Kamaru, kuma shi da Elsewedy suka gina madatsar ruwan Julius Nyerere a Tanzaniya. Dogon benen El Nasr da ke tsakiyar Yamai ya samo sunansa ne daga kamfanin shige da fice na gwamnatin Masar, wanda ya buɗe rassa a ƙasashen Afirka tun zamanin Nasir.

Hausawa sun fi sanin Alƙahira ta hanyar karatu da littattafai da neman magani. Ɗaliban Najeriya da Nijar da Cadi da Gana da Kamaru suna karatu a Azhar, wasunsu suna zaune a masaukin ɗaliban waje na Madinatul Bu'us. Maɗaba'o'in da ke kewayen Azhar, irin su ta Mustafa al-Babi al-Halabi, sun daɗe suna buga littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, kuma a Alƙahira aka buga tafsirin Diya'ut Ta'wil na Abdullahi ɗan Fodiyo a 1961. Jiragen EgyptAir suna zuwa Kano da Abuja da Legas da Akra da Njamena, suna ɗaukar marasa lafiya da ɗalibai da 'yan kasuwa masu sarin jallabiya da abaya da takalma. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan 'yan Sudan sun shigo Masar, da yawansu suka zauna a unguwar Faisal da birnin 6 ga Oktoba, suka buɗe gidajen abinci da shaguna.

Ga mai riƙe da sefa, wadda ke ɗaure da yuro, faɗuwar fam takan sa kayan Alƙahira da kuɗin asibiti su yi sauƙi na ɗan lokaci. Rangwamen ba ya daɗewa, domin zare da fata da magani da kayan gyaran inji duk akwai dala a cikin farashinsu, kuma masu shaguna kan ƙara kuɗi cikin 'yan makonni. Kayan da aka yi su da auduga ko marmara ko aikin hannun Masar su ne suka fi riƙe araharsu.